Katkat Ɗin Gindin Gawo

Bana ma ruwa ya yi mana nawa. Watan shuka ya kama, ya raba tsakiya, har yau ko ɗigon da zai jiƙa bayan akuya ba mu gani ba. Kullum da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta rugugi kamar da gaske, mata su kwashe shanya a guje, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da gumi. Maza sun share gonaki tun tuni, sun wasa sungumi, sun sake masa ƙota, sun rasa abin yi. Matasa suna zaune bakin masallaci suna duba waya, wai tana faɗin ranar da ruwa zai sauka. Sau uku ke nan tana sa rana.

Ni kuwa ban iya zaman jira ba, ban taɓa iyawa ba. In na zauna a tabarma ƙafata ke kaɗawa da kanta, in na kishingiɗa sai in ji kamar na mance wani abu a wani wuri. Shi ya sa shekaranjiya na jawo tsohon buhun kile, ƙarafan kwance kusa, daga ƙarƙashin gado, na nufi bayan gida, inda tsohuwar motata katkat take a gindin gawo. Rabi matata tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, za a Agadas ke nan? A riƙo muna dabino."

Shekara talatin da wani abu tana yi mini wannan tsiyar. Na wuce, na ɗaga murfin injin, ƙadangaru suka watse. Warin tsatsa da tsohon mai ya bugi hancina cikin zafin nan, sai ga ni a waccan shekarar, shekarar da na kusa raba gidanmu da irinsa.

Motar ta Kawu Bawa ce, ƙanen Innata. Direba ne na masu haƙar rijiyoyi, ita kuma irin motocin nan ce masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda rairayi ba ya ba su tsoro. Kafin aikinsu ya ƙare ta riga ta mutu, suka bar masa ita, aka ɗaura mata shanu aka jawo ta ƙauyenmu, arewa da Agiye. Ya ce zai tashe ta. Bai kai ga tashinta ba Allah ya karɓi abinsa, ta zauna a bayan gidanmu fiye da shekara goma. Tayoyinta suka nutse cikin ƙasa, fenti ya ɓare, tsatsa ta ci gindin ƙofofi har kana iya zura yatsa. Kaji suka mai da bayanta akurki. Baba kuma ya mai da gabanta wurin ajiya: buzunsa na salla, da igiyoyi, da wani tsohon sirdin raƙumi da ya ƙi rabuwa da shi, duk jibge a kan kujera.

Sirdin nan na kakanmu Agali ne. Mu asalinmu mutanen arewa ne, masu bin dabbobi. Kakanmu ne ya gaji da bi, ya sauka a nan, ya sari daji, ya koyi riƙon hauya yana da furfura. Abin da ya bar mana biyu ne: gonar tudu, da wani gajeren gero mai saurin nuna, wanda ya yi shekaru yana zaɓe har ya dace da wannan rairayin. A ƙauye ana ce da shi ɗan gidan Agali. Ko damina ta gajarta yakan kawo wani abu. Baba ya gaji zaman kaka, ni na gaji ƙafarsa ta farko. Tun ina makarantar lakol nake sulalewa in tafi tasha kallon motoci, daga baya na yi shekara uku a wani garaji a Maraɗi ina wankin ƙarafa, har na iya abin da na iya. Baba ya aika aka dawo da ni, aka yi mini aure, yana ganin aure zai dasa ni. Kalmar da na fi ji a bakinsa duk rayuwata ita ce "zauna".

Daminar da ta gabaci waccan shekarar, ruwa ya ɗauke gero yana cikin fid da kai. Abin da muka ɗaure bai cika rabin rumbu ba. Kafin zafi ya kankama Inna ta fara auna hatsi da ƙaramin ƙoƙo, daga baya ta koma ludayi. Tuwo ya zama kunu, fura ta zama farau-farau, ruwa tsululu da ɗan ƙanshin gero don dai ciki ya san ba a mance da shi ba. Da asuba Inna da Rabi su ɗauki ƙwarya su shiga daji neman anza, ba sa dawowa sai rana ta take. Anza ɗaci gare ta har ƙwaƙwalwa, sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa, ruwan ma sai an ja shi daga rijiyar da guga ke daɗewa bai taɓo ƙasa ba. Rabi tana goyon ƴarmu ta fari a lokacin. Ina ganin wuyanta yana ƙara tsawo, ina kau da kai. Samarin ƙauye duk sun tsallaka Najeriya cin rani. Ni Baba ya ce in zauna.

A irin wannan shekara iri ake ji wa tsoro. Mutum ya ga ƴaƴansa suna kuka, ga damin iri rataye a ɗaka, ya ce bari a ɗebi kaɗan. Gobe ma kaɗan. Ranar da ruwa ya sauka sai ya tsaya da sungumi a hannu ba abin zubawa. Gidaje da yawa a ƙauyenmu haka suka yi. Mu kuwa akwai wata al'ada a gidanmu tun daga kaka Agali: maigida shi kaɗai yake ɓoye iri, ba ya gaya wa mata, ba ya gaya wa ɗa, don kada tausayi ya cinye shi. Da an gama girbi Baba zai zaɓi zangarkun da suka fi cika, ya sussuka da kansa, ya gauraya da toka saboda ƙwari, daga nan ba mai sake ganinsa sai ranar shuka.

Sau ɗaya na ji Inna ta roƙe shi. Muna zaune an ajiye masa kununsa.

"Malam, ko tiya guda ce, don yarinyar ga mai goyo."

"Iri na nan," in ji Baba. "Ba a taɓa shi."

Ya tura ƙwaryar kunun gaban Rabi, ya tashi ya fita. Ranar bai sa komai a bakinsa ba.

Ni na ga ba zan iya zama ina kallon wuyan Rabi ba. Na ce zan tashi motar Kawu in riƙa jigilar mutane ranar kasuwa, Agiye, Gazawa, Gangara, in ta yi ƙarfi har arewa. Haka na faɗa, kuma ba ƙarya ba ce, amma ko ba fasinja ko ɗaya ina so in ji ni a kan hanya. Na gaya wa Baba. Ya shafa gemu ya amsa.

"Yi ta bugun hancinta, tunda hannunka ba shi zama. Amma cikin ɗakinta kayana na nan, kak ka taɓa. Batun zuba mata mai kuwa, ka bari sai an yi shuka."

Na ɗauka tsoro yake ji kada ta tashi in gudu in bar shi da gona. Na ce to, a raina kuwa ina cewa mu gani.

Da an sallame sallar asuba nake farawa, don da hantsi ya yi ƙarfen ba ya taɓuwa. Tsatsa na kankare da rairayi da kaskon fasasshen tulu, hannuna ya yi ja kamar na mai lalle. Kowace kusa sai na yi kokawa da ita, wata in kwana uku ina ɗiga mata mai tana taurin kai, wata ta karye a hannuna in zauna ina zagin Kawu, Allah ya jiƙansa. Ɓeraye sun cinye wayoyi. Zanzaro sun yi gini da laka a kowane rami, ka fasa ka tarar da matattun tsutsotsi. Injin ya daskare, na zuba masa mai na yi ta lallashinsa da dogon ƙarfe, sai a rana ta tara ya motsa, motsin da bai kai faɗin yatsa ba, amma na yi ihu har kaji suka tarwatse. Inda ƙasan motar ya rarake maƙerin ƙauye ya yanko mini tsohuwar ganga muka like. Taya biyu na are daga amalanken maƙwabta. Mai injin niƙan ƙauyenmu, da yake hatsin niƙa ya yi ƙaranci kuma injinsa yana tari, na gyara masa, ya ba ni bido biyu, wato jarka biyu, na man gazuwal. Batir kam babu shi babu dalilinsa, in za ta tashi sai da turi. Na ɗaure bido ɗaya a kan rufi, na jawo tiyo daga can kai tsaye zuwa injin, yadda na ga ana yi a garaji.

Duk wannan da kunu a ciki nake yi. Wani lokaci in na miƙe daga ƙarƙashinta sai duniya ta juya, in riƙe ƙofa har ta tsaya. Mutane suka sa mini suna direban kaji. Baba kuwa kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a inuwar gawon yana tufkar igiya, bai ce mini sannu ba, bai ce bari ba. Na ɗauka sha'awar aikin ce ta fara kama shi.

Wata ranar aka yi rasuwa a ƙauyen gaba, Baba ya tafi gaisuwa. Abin da ya rage mini shi ne tankin mai, kuma jira ya ishe ni. Bakinsa yana gefen motar, daga waje. Na tarar an toshe shi da laka, na ce aikin zanzaro ne. Na fasa da kile, na tarar da tsumma cushe a ciki, na ce na Kawu ne. Na ɗauko bido na biyu na juye, don gazuwal ya jiƙa tsatsar ciki kafin in kwance tankin in wanke. Ya riƙa shiga a hankali yana ɓulɓul, kamar akwai abin da ke shanye shi, na ce rairayin shekara goma ne. Na mayar da tsumman, na kwaɓa laka na shafe bakin yadda na same shi don kada Baba ya gane. Yini na yi ina jin daɗin wayona.

Bayan nan aka yi kwana goma sha biyu na wani irin zafi da ban manta ba. Iska ta tsaya cik. Awaki suka daina kuka, sai haki. Ƴarmu ta yi ƙuraje a wuya, ba ta barin Rabi ta runtsa. Ranar ta sha uku da la'asar gabas ta haɗe, wannan karon iska ba ta watsa shi ba. Ɗigon farko manya ne, suna faɗuwa bisa rufin motar kamar ana jifa da tsakuwa, sannan aka kece. Ƙanshin ƙasa ya cika ko'ina. Inna ta jera tukwane a bakin indararo tana hamdala, ni na tsaya tsakar gida ruwa yana wanke mini jan tsatsa daga hannu. Baba ya fita da sanda ya caka a gona, ya dawo ya ce ruwan ya kai na shuka.

Da gari ya waye ƙauye ya fashe, kowa da sungumi a kafaɗa. Baba ya ɗauki babbar ƙwarya. Mu ukun, ni da Inna da Rabi, muka bi shi a baya, don kowa yana so ya ga inda irin ya kwana wata bakwai. Ya nufi gindin gawo. Ya buɗe ƙofar motar, ya sauke sirdi, ya sauke igiyoyi, ya naɗe buzu, ya ɗaga kujera. A ƙarƙashinta tankin yake, kuma a samansa akwai wani faranti da Kawu ya taɓa yankawa, baki mai shigar hannu, wanda ban taɓa gani ba saboda an ce kada in taɓa. Tun kafin ya buɗe na gane abin da na yi.

Ya zura hannu ya fito da shi. Wani baƙin kwaɓi ne, gero da toka da gazuwal, yana ɗiga ta tsakanin yatsunsa. Ya kai hanci. Ya sake zurawa har kafaɗa, yana lalube kusurwa kusurwa ko akwai inda ya tsira. Babu. Bai ɗaga murya ba.

"Lawali, yaushe?"

"Ranad da kunka tahi gaisuwa, Baba."

Ya dubi hannunsa.

"Na ce nan ko ɓera, ko gara, ko ɓarawo. Wata bakwai muna kwana da yunwa bisa abin ga."

Da ya mare ni da na fi jin sauƙi. Rabi ta juya baya tana jijjiga goyo, kafaɗunta suna rawa. Inna ta ɗebo ruwa da toka ta hau wankin dunƙule guda, tana wankewa tana sansanawa, har Baba ya ce ta bari, ko kaza ba za ta ci ba, bare ƙasa. Daga nesa muna jiyo muryoyin mutane a gonaki. Ba gidan da ke da rarar iri a ƙauyen, wasu ma rabin gona za su shuka. Kuma danshi a gonar tudu kwana uku yake yi, in ya wuce sai jiran wani ruwan da ba wanda ya san ranarsa.

Inna ce ta ce, "Hajo."

Gwaggo Hajo ƙanwar Baba ce, tana aure a wani ƙauye wajen Sae Sabuwa, kuma da ɗan gidan Agali aka kai ta ɗakinta, shi take shukawa kowace shekara. A ƙafa kwana biyu ne zuwa, biyu dawowa. Duk muka juya muka dubi motar.

Ranar shuka ba a kiran mutum daga gonarsa, ko kunyar kiran ma ba ni da ita. Masu turi uku ne: tsoho, da tsohuwa, da mai goyo, dukansu da ruwan anza a ciki. Daga gindin gawo akwai gangare zuwa bakin tafki, guda ɗaya tak. In ta kai ƙasa ba ta tashi ba, ba mai iya maido ta. Na haƙe gaban tayoyi, na shiga na riƙe sitiyari. Baba ya tuɓe riga ya sa kafaɗa. Ina jin nishinsu a bayana. Ta motsa, ta fara gangarawa. Na sa giya na saki ƙafa, ta yi tari ta yi shiru. Na sake, ta yi tari biyu, baƙin hayaƙi ya fito. Ga tafki nan yana matsowa. Na ce ya Allah ba don ni ba, na saki a karo na uku, sai ta girgiza kamar za ta wargaje, ta kama.

Na waiwaya. Inna tana zaune dirshan a ƙasa, Rabi ta dafa gwiwa. Baba ya faɗi bisa gwiwoyinsa cikin jiƙaƙƙen rairayi, rawaninsa ya warware, yana kaɗa mini hannu.

"Tahi! Kak ka tsaya! Tahi!"

Duk rayuwata nake jiran wannan kalmar daga bakinsa, ga yadda ta zo mini. Na yi tafiya mai nisa ina kuka, ba na ko ganin hanya sosai.

Ban bi titin gudro mai kwalta ba, na yanke ta hanyar amalanke. Dama da hagu gonaki cike da mutane, namiji a gaba yana sara da sungumi, mata a baya suna zuba iri suna takewa da diddige. Kowa ya ɗago ya bi ni da kallo, mota ba gilashi, da bido a ka, tana hayaƙi kamar an kunna yayi. In injin ya tafasa sai in tsaya bakin kududdufi in sa dutse a taya, in ɗebi ruwa in ba ta, ban yarda na kashe ta ba ko sau ɗaya. Bayan azahar na isa. Na tarar da Gwaggo a gona, ta kusa gama shuka. Na bar motar tana ruri a bakin gonar, muka yi magana muna ɗaga murya.

"Ɗan yayana, lahiya? Wa ya mutu?"

Na ce ba wanda ya mutu, iri na zo nema.

"Ina na yaya yat tahi? Shi da ba shi ci nai ko wuƙa na bisa wuya?"

Na gaya mata gaskiya, ban rage komai ba. Ta dube ni, ta dubi motar, ta riƙe haɓa.

"Kai jikan Agali na, ba shakka. Amma ta wajen ƙahwa."

Abin da ya rage mata tiya biyu ne, wanda ta ajiye don cike gurbi in shukar farko ta mutu. Ta kwance mayafinta, ta juye ɗaya da rabi ta ƙulle, ta ɗora mini a hannu.

"In tawa ta mutu, ku za ku cishe ni. Tashi ka tahi, rana na shan ƙasa."

Ban kai rabin hanya ba bidon kan rufi ya ƙare. Man da zai kai ni gida yana nan ƙarƙashin kujerar da nake zaune, kwance da irin Baba. Na ɗebo na tace da hulata na ba ta, toka ta toshe mata wuya, ta mutu mutuwar da ba turin da zai tashe ta. Na bar ta a hannun mutanen wani ƙauye, na kwana a zaurensu, da asuba na ɗora ƙullin a ka na kama hanya. Zafin bayan ruwa ya fi na gabansa mugunta, ƙasa tana fitar da tururi. Duk inda na tsaya hutawa sai in tona rairayi da yatsan ƙafa in ga inda danshi ya sauka. Da safe yana nan kusa. Da azahar sai na sa hannu. Daga nan na daina tonawa, na daina hutawa. Ana kiran magariba na shiga gida, ƙafafuna sun fashe.

Baba ya karɓi ƙullin ya buɗe, ya ɗebi ƙwaya kaɗan ya duba a tafin hannu, ya ce, "Shi na." Abin da ya ce ke nan.

Rana ta uku muka shuka. Ni ke sara, Baba ya ce in zurfafa, shi kuma ya ƙi yarda kowa ya zuba sai shi, ƙwaya uku-uku maimakon ɗibar yatsu da aka saba. Ko da haka kashi ɗaya cikin uku na gonar muka rufe. Kwana tara muka yi muna kallon gabas kafin ruwa na biyu, kullum da safe ina zuwa in durƙusa in duba tsiron, siriri kamar allura, yana lanƙwashewa da rana yana miƙewa da raɓa. Ya rayu. Ta Gwaggo ma ta rayu. Abin da muka ɗaure bai kai mu wata daminar ba, mun sake shan anza, kuma kowace loma na san dalilinta. Duk daminar nan Baba bai yi mini maganar da ta wuce ta aiki ba.

Motar kuwa da shanu aka jawo ta, karo na biyu a rayuwarta, aka mayar da ita gindin gawo. Bayan girbi Baba ya ce in kwance tankin in wanke. Na wanke da rairayi da toka da ruwan zafi, na shanya shi wata guda, yana zuwa yana sansanawa yana cewa da saura, har ranar da ya ce ya yi, in mayar. Raina ya yi fari, na ce tsoho ya huce, zai bar ni in tashe ta.

Wata safiya ya kira ni bayan gida. Na tarar da shi da babbar ƙwarya, irin bana a ciki gauraye da toka. Ya ɗaga kujera, ya juye shi cikin tankin a gaban idona, ya rufe, ya shimfiɗa buzu, ya ɗora sirdi. Ya miƙo mini tsumma da curin laka, ya nuna mini bakin waje. Na toshe da hannuna.

"Kakanka bai hwaɗa mani wurin nashi ba sai da shina kwance ba shi tashi," in ji shi. "Ni na hwaɗa maka yau. Yanzu mu biyu munka sani. In za ka tahi, ga mota nan."

Ana iya tuƙa ta da bido a ka, na sani, ai na yi. Amma wa zai ɗauki irin gidansu ya shiga duniya da shi? Daga shuka zuwa girbi tankin ba komai a ciki, lokacin kuwa gona ta riƙe ni. Da na sami kaina, tanki ya cika. Haka shekarun suka bi juna har Baba ya rasu, har Inna ta bi shi. Ƴaƴana yanzu kowa da babur ɗinsa, a yini guda su je Sae Sabuwa su dawo ba wanda ya san sun fita. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun fi a ƙirga, su zagaya ta, su ƙwanƙwasa, in ba su ruwa su sha su tafi. Rabi ta san abin da ke ciki, amma shekara talatin tana yin kamar ba ta sani ba. Agadas kuwa har yau a bakin mutane nake jin ta.

Jiya injin ya motsa mini, faɗin yatsa biyu. Yau da la'asar ina kwance ƙarƙashinta ina fama da wata kusa, na ji iska ta juyo da sanyi, ta kawo ƙanshin ƙasar wani wuri da aka riga aka yi wa ruwa. Rabi ta ƙwala mini kira daga tsakar gida, wai in zo in taya ta kwashe shanya. Na fito, na duba lakar bakin tanki, tana nan daram yadda na shafe ta bara. Na sauke sirdi, na naɗe buzu, na ɗaga kujera, na zura hannu har gwiwar hannu. A bushe yake, da sanyinsa, yana zuba ta tsakanin yatsuna.

Na mayar da kile cikin buhu, na ce mata ta fito mini da babbar ƙwarya.